Ɗan Mai Faci Ya Hau Mumbari

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Yau Auta ya tsaya gaban ikilisiyarmu ya koyar. Ɗana na ƙarshe, a cocin da aka yi masa baftisma, cikin rigar da na ɗinka masa da hannuna. Baba Fasto ne ya kira shi gida. Tsufa ya kama Baba, ƙafafunsa sun kumbura, yana so Auta ya riƙe wa'azin Lahadi da nazarin Laraba na ɗan lokaci, in dattawa sun gamsu a bar masa aikin gaba ɗaya. An ce a garin da yake koyarwa har ta taga mutane ke leƙowa su saurare shi. Ni ban taɓa gani ba, labari nake ji.

Coci ya yi tsit. Da aka tashi mata suka yi ta rungume ni a bakin ƙofa. Maman Tagwaye, shugabar mata, ƙawata tun muna 'yan mata, ta ce, "Tela, yau kam sai kin saya mana lemo, kin haifi malami." Muka yi dariya.

A bayana na ji mai kantin magani yana ce wa wani dattijo, "Wai wannan ba yaron mai faci ba ne? Wanda yake hura mini tayar babur da majina a hanci?" Su ma suka yi dariya. Wasa ne dai. Na ɗauke shi wasa.

Babba, ɗana na fari, wanda shi ne magatakardan dattawa, shi ya ɗauko wa ƙanensa jaka har gida. Da ubansu yana raye ya ga wannan.

Wuyan rigar ya ɗan karkace hagu. Shi na yi ta kallo har aka gama.

Laraba, da yamma

Nazari ya cika, sai da aka shigo da bencina daga ajin yara. Na gode wa Allah.

Juma'a, tsakar rana, a shago

Kullum da safe Auta yana fita, ba ya cewa ina za shi. Yau ya shigo shago ya ture yadin da ke kan kujera ya zauna, ya ce, "Mama, tsayar da keken ɗinkin, akwai magana."

Wurin Direba yake zuwa.

Ba na son rubuta wannan, amma bari in rubuta sau ɗaya in huta. Mijina yana durƙushe bayan babbar mota yana kwance taya, Direban nan ya shiga ya tayar ya yi baya bai duba ba, ya take shi har lahira. Ɗan cocinmu ne, yana cikin mawaƙa. Hukuma ta ce tsautsayi ne. Ba wanda ya kore shi daga coci. An dai daina amsa gaisuwarsa, har ya gane ya daina zuwa. Yanzu ciwon sukari ya cinye masa ido, yana zaune a wani ɗaki bayan tasha, 'yarsa mai wanki a asibiti ce take kula da shi.

Auta ya ce, "Mama, tsohon nan har yanzu yana riƙe da waƙoƙin coci duka a ka. Shi kaɗai yake rerawa a ɗaki. Zan kawo shi jibi."

Na ce, "Yayanka ya sani?"

Ya ce zai gaya masa. Na ci gaba da taka keke. Na ɗinke hannun rigar mutane a baibai, sai da na warware.

Lahadi, bayan sujada

Ya kawo shi. Yana riƙe da kan sanda, tsohon yana riƙe da ɗaya kan, suka bi ta tsakiyar coci har benci na gaba. Ya rame ƙwarai. Da ban san shi ne ba, da na ce Allah sarki.

Wata mata ta janye 'yarta daga bencin. Babba yana zaune cikin dattawa, ya rufe littafin waƙa, ya tashi ya fita ta ƙofar gefe. Bai dawo ba.

Auta ya yi magana a kan gafara. Ban iya kawo abin da ya faɗa ba.

Yau ba wanda ya rungume ni a bakin ƙofa. Mai kantin magani ya ce, da ƙarfi don in ji, "Yaron da muka goya ne zai koya mana yafiya? A kan jinin ubansa?"

Litinin, da safe

Ban ci abinci ba. Auta ya ci nasa har ya ƙara.

Talata, bayan azahar

Babba ya zo shago, ko zama bai yi ba.

Ya ce, "Mama, ni na ɗauko Babanmu daga ƙarƙashin motar nan. Ni. Shi yana makaranta. Ni na bar karatu na karɓi injin iska da jak don ya ci gaba da nasa. Yanzu ya dawo da takarda a hannu, zai zaunar mini da mutumin a gaban idona ya ce in yafe? Ya tambaye ni?"

Na ce ai ya ce zai gaya maka.

"Ya gaya mini. Gaya mini ya yi, bai tambaye ni ba."

Na ce ya yi haƙuri, ƙanensa ne. Ya ce, "Kullum haka kike cewa." Ya tsaya yana juya almakashina a hannu, sannan ya ajiye ya fita.

Gaskiya yake da ita. Shi ma wancan gaskiya yake da ita. Ni ce a tsakiya da zare a baki.

Laraba, da yamma

An mayar da bencinan ajin yara. Ba a bukace su ba.

Auta ya yi tambaya a nazari, ba wanda ya amsa. Can wani matashi ya ce, "Malam, tayar kekena ta sace, ko za ka duba mini bayan an tashi?" Aka fashe da dariya. Auta ma ya yi murmushi, ya ce, "Kawo ta, ban manta ba." Kuma da aka tashi ya naɗe hannun riga ya yi masa facin a harabar coci, suna tsaye suna kallo. Na rasa ko in yi kuka ko in ja kunnensa.

Asabar, da rana

Dattawa sun zauna tun safe. Ba a kira Auta ba. Babba bai biyo ta nan ba.

Litinin, ƙarfe sha ɗaya

Matar mai kantin magani ta kawo zane a yi mata kalmasa. Ina aunawa ta sassauta murya ta ce, "Sannu, Mama Tela. Ashe haka yaron nan ya sha fama. Mu ba mu sani ba. Shi ya sa. Allah dai ya ƙara masa lafiya, irin wannan ciwon ba ya barin mutum duka."

Na ce wane ciwo?

Ta taɓa gefen kanta da yatsa.

Tef ɗin awo ya faɗi daga hannuna.

Bayan an binne ubansa Auta ya daina barci, ya daina magana, wata rana aka tsince shi yana tafiya a titi ba takalmi. Muka kai shi asibitin masu taɓin hankali, a wani gari mai nisa. Watanni ya yi. Muka ce wa mutane yana wurin kawunsa. Ya warke, ya koma makaranta, ya fi kowa. Duk duniya mu uku muka san wannan: ni, da Babba, da Maman Tagwaye wadda take raka ni dubiya.

Babba ɗan'uwansa ne. Saura mutum ɗaya.

Litinin, da yamma

Ita ce ta riƙe mini kai a mota ina amai don kuka. Ita.

Talata, da safe

Na je gidanta. Tana shara, ta ce, "Tela, lafiya da sassafe?" Na ce mata abin da ban taɓa ce wa mahaluki ba. Ba zan maimaita a nan ba. Na ce shekara da shekaru tana cin abinci a kwanona tana auna inda za ta soke ni.

Ta bar ni na gama. Tsintsiya na hannunta, hawaye na zuba. Ta ce, "Na rantse da Allahn da muke bauta wa, ko mijina ban taɓa gaya wa ba. Ni ma jiya na ji a bakin mutane. Ba a shiga zaman dattawa da mata, Tela. Ki yi tunani."

Na ce kada ta sake.

Ta ce, "Ban ce komai ba."

Laraba

Ban je nazari ba. Auta ya ce mutum kaɗan ne suka zo, tsofaffin mata da Direba. Ya ce nazarin ya yi daɗi. Daɗi!

Alhamis, ƙarfe huɗu

Na je gaida Baba Fasto. Yana zaune ƙafafu cikin roba da ruwan ɗumi. Na tambaye shi kai tsaye wa ya kai maganar asibiti gaban dattawa.

Ya ce, "Mama, abin da aka faɗa a zama, a zama yake tsayawa."

Na ce ai bai tsaya ba, Baba, yana kasuwa yana yawo.

Ya sunkuyar da kai. Ya ce da farko ra'ayi ya rabu, wasu na cewa yaron yana da baiwa, a ba shi lokaci. Sai wani ya miƙe ya ce akwai abin da ya kamata ikilisiya ta sani kafin ta danƙa kanta a hannun mutum. Ya ce da ya gama magana ba wanda ya ƙara cewa uffan, domin ba mai iya ce masa ƙarya yake yi.

Na ce, "Don me ba mai iya ce masa ƙarya yake yi?"

Baba ya dube ni kawai.

Na ce, "Kai kuma me ka ce, Baba? Kai ka kira shi. Yana zamansa lafiya inda ake son sa."

Ya ce, "Na tsufa, Mama."

Na yi masa sai an jima. Ban san yadda na iso gida ba.

Juma'a

Nono ɗaya suka sha.

Asabar, da hantsi

Na rufe shago na zauna a ciki. Na buɗe Littafi Mai Tsarki, wurin da aka ba da labarin ranar da Yesu ya koma garinsu ya koyar. Na san wurin tun ina yarinya, mun sha yin nazarinsa a taron mata muna girgiza kai, muna cewa kai, mutanen nan da taurin zuciya. Ashe mu ne.

Abin da ban taɓa lura da shi ba sai yau: da farko sun yi mamakin hikimarsa. Sun ji, ta shige su. Sannan suka tuna sun san shi. Suka kawo sana'arsa, suka kawo uwarsa, suka jera 'yan'uwansa ɗaya bayan ɗaya. Ba su ce ya faɗi ƙarya ba. Danginsa kawai suka lissafa, magana ta mutu. Kuma a wani wuri kafin nan, nasa na gida ne suka fito za su kama shi, suna cewa kansa ya taɓu. Nasa na gida. Na karanta wannan na ajiye, na tashi na sha ruwa, na dawo na sake karantawa.

Ɗana ba Yesu ba ne. Ni na wanke masa kashi, na san shi da taurin kai, kuma ya yi wa yayansa ba daidai ba da bai zauna da shi ba tukuna. Amma maganar da ya kawo ba tasa ba ce, kuma ba ita suka auna ba.

An ce Ubangiji bai yi manyan ayyuka a can ba, sai 'yan marasa lafiya kaɗan da ya ɗora wa hannu. Kuma ya yi mamakin rashin bangaskiyarsu. Shi da ya san zuciyar kowa, ya yi mamaki. To ni wace ce da ba zan yi ba?

Ba a rubuta inda uwarsa take a ranar ba. Na duba. Ko tana zaune cikin mata tana jin ana kiran sunanta kamar abin kunya. Ko ita ma ta ji abin da ya koyar, ko kuwa tana duban rigarsa.

Tun da Auta ya dawo ban ji wa'azinsa ko ɗaya daga farko har ƙarshe ba. Ina kallon wuyan riga, ina kallon ko ya rame, ina kallon hannunsa ko yana rawa irin na wancan lokacin. Mutanen wani gari sun san abin da ɗana yake koyarwa. Ni ban sani ba.

Lahadi, da rana

Wani dattijo ne ya yi wa'azi. An ce wa Auta ya huta. Ya zauna a benci na gaba kusa da Direba, yana nuna masa lokacin tashi da na zama.

Litinin, da yamma

Na je wurin faci. Babba yana durƙushe yana duba tub ɗin taya cikin ruwa, daidai inda ubansa yake durƙusawa. Na tsaya a kansa.

Na ce, "Kai ne?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Gaskiya na faɗa."

"Na san gaskiya ce. Kai ne?"

"Mama, mutumin da ya ɗauko wanda ya kashe ubansa ya kai shi benci na gaba, ke kin ce lafiyarsa ƙalau? Tsoro na ji. Na ce ko abin ne ya dawo."

Na ce, "Dube ni ka sake faɗa."

Bai dube ni ba. Kumfa na fitowa daga tub ɗin, ya sa yatsa ya danne wurin, ya yi ta dannewa.

Na ce, "Kai ka ɗauke shi a bayanka ka sa shi a mota ranar. Kai ka ce mini, Mama, ko da wuƙa a wuya ba mai ji daga bakina."

Ya ce, "Shi wa ya tambaye shi abin da ya yi mini?"

Na juya na tafi. Ya kira ni, ban waiwaya ba.

Talata, da safe

Na je na durƙusa wa Maman Tagwaye. Ta ɗaga ni, ta ce ya wuce. Ta ba ni ruwa a kofin baƙi, ba wanda na saba sha da shi ba. Bai wuce ba.

Laraba, tsakar rana

Na gaya wa Auta. Na ɗauka zai fashe. Yana guga, ya ajiye dutsen a tsaye.

Ya ce, "Yaya ne?"

Na ce i.

Ya zauna a bakin gado. Ya ce, "Mama, da sun tambaye ni ai da na faɗa musu da bakina. A can kowa ya sani. Ina faɗa a mumbari. Mutane da yawa saboda haka suke zuwa wurina, masu irin ciwon da masu jinyarsu. Nan ne kawai ban faɗa ba, saboda ke."

Saboda ni.

Sannan ya ce, "Amma Yaya," ya kasa ƙarasawa. Ya rufe fuska da rigar da yake gogewa. Rabona da jin kukansa tun wancan asibitin. Na tsaya a bakin ƙofa, na kasa shiga, na kasa fita.

Alhamis

Dattawa sun aiko mutum biyu. Sun gode masa ƙwarai. Za su ci gaba da addu'a a kan lafiyarsa.

Asabar, da hantsi

Ya tafi. Akwai wasu ƙananan ikilisiyoyi a ƙauyuka da ba su da malami, sun daɗe suna kiransa.

Kafin mu je tasha ya biya ta wurin faci. Na tsaya daga nesa. Ban ji abin da ya ce ba. Na ga ya miƙa hannu, Babba ya nuna masa tafinsa duk baƙin mai, wai hannunsa da datti. Auta ya kama hannun haka nan. Babba ya bar shi ya riƙe, amma fuskarsa na kallon titi.

Ba wanda ya zo rakiya daga coci. Ko ɗaya. Garin da ya cika bencina.

A mota ya leƙo ta taga ya ce, "Mama, 'yar tsohon nan tana aiki ran Lahadi. Ba mai kai shi coci."

Na ce, "Kada ka roƙe ni wannan."

Ya ce, "Ban roƙe ki ba. Gaya miki na yi."

Na ce ai wannan halin naka ne ya kawo mu nan. Ya yi dariya, idonsa jajir. Motar ta tashi.

Asabar, da yamma

Ba zan je ba. Kowa ya ci amanata, har shi da ya tafi ya bar mini wannan a ƙofa. Ya Ubangiji, kai ma ka ga abin da aka yi ka yi shiru.

Ba zan je ba.

Lahadi, bayan sujada

Na sami Direba a bakin ƙofar ɗakinsa, ya yi wanka ya sa riga mai tsabta, maɓallan a karkace, sanda a kan cinya. Bai san ko wani zai zo ba, ya dai shirya. Na yi gyaran murya. Ya ce, "Wane ne?" Na ce Tela ce. Ya buɗe baki zai yi magana. Na ce, "Kada ka ce mini komai. Ban zo don na yafe ba. Kama sandarka."

Muka bi ta gaban tasha, ta gaban kantin magani, ina gaba yana baya. A coci muka zauna a benci na gaba, mu biyu, sauran bencin fayau. Da aka ɗaga waƙa ya rera da ƙarfi, muryarsa ba ta tsufa ba. Ni ban iya buɗe baki ba.

Babba ya hau karanta sanarwa. Ya gan mu. Ya karanta ranar taron mata, da aikin gyaran rufi, sannan ya ce ikilisiya tana godiya ga baƙon malami da ya taimaka mana a 'yan makonnin nan, Allah ya kai shi lafiya.

Baƙon malami.

Tsohon ya karkato kai wajena ya ce a hankali, "Mama Tela, wa ke karatun nan? Muryarsa sak ta marigayi."

Na ce, "Ɗana ne."

Ya ce, "Ba ya tafi ba?"

Na ce, "Wannan wanda garin ya riƙe ne."